Ban Sayar Da Fadama Ba



Ni manomi ne kamarka. Gidana yana Madarunfa, garin tabki, inda ake zuwa ziyarar waliyyai 99. Da damina ina noma hatsi da wake a jigawa. Da rani ina noma zogale da tumatir a 'yar fadamata. Ban shiga lakwal ba. Sai da furfura ta fito mini sannan na koyi haɗa baƙi.

Ina so in ba ka labarin ɗiyata. Ita ce ta fari, don haka ba za ka ji sunanta a bakina ba. In kana da yaro a lakwal, to, zauna ka karanta a hankali. Abin da ya same ni yana nan tafe gare ka.

Mafarin zancen

A shekarar 2009 aka yi mini shari'a a kan gona. Gonar tun kakana muke noma ta. Bayan rasuwar mahaifina, sai wani mutum ya taso. Ya ce ai aro aka ba mu, ba kyauta ba. Muka je gaban maigari, ba a daidaita ba. Muka je gaban sarki, ba a daidaita ba. Daga nan sai gidan shari'a.

Shi ya zo da shaidu masu rai. Ni shaiduna suna kushewa. Takarda kuwa ba ni da ko guda. Aka yi magana da Faransanci, tafinta yana juya mini. Da aka gama, aka miƙo takarda na dangwala yatsa. Ba na cewa alƙali ya zalunce ni. Abin da aka kawo gabansa, da shi ya yi hukunci. Amma gona ta tafi.

Ran nan ɗiyata tana da shekara 9. Ita ta riƙe mini gorar ruwa a bakin ƙofa. Da muna komowa gida ta ce: "Baba, me aka rubuta cikin takardar?" Na ce ban sani ba. Ba ta sake cewa kome ba har muka iso.

Shekara 10 bayan haka, da daminar 2019, ta ci babbar jarrabawar da ake kira bak. Wannan ita ce ƙofar jami'a. Mata suka yi guɗa. Da dare ya yi ta zo ta durƙusa gabana. Ta ce: "Baba, shari'a nake so in karanta." Ban tambaye ta dalili ba. Na san shi.

Baki huɗu, shawara huɗu

A da ina tsammani makarantar shari'a guda ce, kamar yadda kasuwar gari take guda. Ashe suna da yawa. Kowa ya zo barka sai ya bar mini shawara.

Uwarta ta ce: "Malam, a bar ta nan Maraɗi. Ɗiya mace ce. In ta yi zazzaɓi, kafin azahar na isa." Gaskiyarta. Daga nan zuwa Maraɗi kilomita 20 ne da 'yan kai. Amma jami'ar gwamnati ta Maraɗi, wato Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo, an san ta ne da karatun noma, da likitanci, da kimiyya. Shari'a a Maraɗi sai a makarantar kuɗi.

Ƙanena yana kasuwanci a Katsina. Ya hawo mota ya zo. Ya ce: "Yaya, ka ba ni ita. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana nan kusa da ni, ana karanta shari'a. Ci da kwana duk a gidana. In ba ta so nan, ga Bayero a Kano, ga Ahmadu Bello a Zariya. Manyan lauyoyi daga nan suka fito."

Limaminmu ya ce: "A kai ta Jami'ar Musulunci ta Sayi. Ƙasashen Musulmi suka haɗu suka gina ta, aka buɗe ta a 1986. Akwai sashen mata a Yamai. Ta sami duniya, ta sami lahira."

Na huɗu shi ne mushen da ya karantar da ita a lise. Shi bai zaɓa mini ba. Cewa ya yi: "Baba, kana da littafi da alƙalami? To, kowace makaranta aka faɗa maka, yi mata tambaya uku. Nawa za ta ci daga farko har ƙarshe? Wa zai taimake ka biya? In an gama, wace ƙofa takardar take buɗewa?"

Na ɗauko littafina. Na ja layi uku. A kan waɗannan layuka muka yi wata guda muna lissafi, ni da ɗiyata, a gindin fitila.

Tambaya ta farko: nawa za ta ci?

Ɗan'uwa, ga inda mutane suke faɗawa rami. Suna tambayar kuɗin shekara guda. Karatun shari'a ba na shekara guda ba ne.

A ƙasarmu ana shekara 3 a sami takardar farko, sunanta lisansi. A ƙara shekara 2 a sami ta biyu, sunanta masta. Shekara 5 ke nan, in ba a faɗi ba, in ba a yi ciwo ba. A Najeriya ana shekara 5 a jami'a. Sannan a ƙara shekara guda a makarantar horon lauyoyi, wadda take da reshe a Bagauda, kudu da Kano. Shekara 6 ke nan.

Kuma kuɗin makaranta ba shi kaɗai ba ne. Mun rubuta ɗaki. Mun rubuta abinci. Mun rubuta kuɗin mota, zuwa da komowa, sau biyu ko uku a shekara. Mun rubuta littattafai da buga takardu. Mun rubuta sabulu, da tufafi, da magani, da kuɗin waya. Waɗannan ƙananan su ne gara. Ba ka jin ƙararsu, sai ka ga rumbu ya zauna.

Ni ban iya lissafin miliyan ba. Da damin hatsi na auna. Na je Maraɗi da kaina, na shiga wata makarantar kuɗi. Gini mai kyau, mutane masu fara'a. Suka rubuta mini kuɗin shekara. Da na juya shi zuwa hatsi, sai na ga ya fi abin da jigawata take ba ni a damina biyu masu albarka. Wannan na shekara guda ne. Saura huɗu.

A jami'ar gwamnati kuwa, kuɗin rubuta suna bai kai kuɗin tunkiya guda ba. Akwai kuma ɗakunan kwanan ɗalibai da gidan abinci mai rahusa, ko da yake ɗakunan ba su isar kowa.

A cikin kwanakin nan ne wani Alhaji ya aiko mini. Ya ji labari. Ya ce in ina so, zai sayi fadamata, kuɗi hannu. Kuɗin da ya faɗa ya isa shekara biyu a makarantar kuɗi, har da canji. Wallahi zuciyata ta raya mini. Kwana uku ban yi barcin kirki ba. Ina son a ce ɗiyar wane tana babbar makaranta, tana kwana kusa da gida.

Rana ta huɗu na faɗa wa ɗiyata. Ta yi shiru. Can ta ce: "Baba, in an sayar, shekara ta uku da me za a biya? Ƙannena kuma me za su ci da rani? Saboda gona guda ta tafi nake son karatun nan. Kada karatun ya ci ta biyu."

Na aika wa Alhaji da godiya. Na ce fadama ba ta sayarwa ba ce.

Tambaya ta biyu: wa zai taimaka?

Gwamnati tana ba waɗansu ɗalibai kuɗin tallafi. Ana kiransa bursu. Hukumar da take kula da shi sunanta ANAB. Ba kowa yake samu ba. Ana duba makin da yaro ya ci da kuma shekarunsa. Wanda bai samu ba, akwai wani ɗan taimako da bai kai bursu ba, shi ma sai an nema.

Ka lura da kyau. Ba a biyo ka gida da shi. Yaro ne yake haɗa takardu ya kai cikin lokaci. Takardar haihuwa tana ciki. Takardar zama ɗan ƙasa tana ciki. Ɗan maƙwabcina ya fi ɗiyata maki. Amma sunan da ke takardar haihuwarsa ya saɓa da na takardar jarrabawa, harafi biyu kacal. Kafin a gyara, lokaci ya wuce. Ya yi asarar shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya. In matarka ta haihu, je ka a rubuta yaron tun yana cikin zane. In an riga an makara, je gidan shari'a a yi masa takardar madadi tun yana ƙaramin aji.

Mushe ya ƙara mini da gargaɗi. Ya ce: "Bursu kamar ruwan sama ne. Yana zuwa, amma ba kai ke sa masa rana ba. Ka tanadi abin da za ta ci wata uku ko huɗu, ko da bai zo ba." Saboda haka muka ware buhun hatsi, da wake, da busasshen zogale. Uwarta ta ware akuya biyu, ta ce waɗannan na karatu ne, ko biki ya zo ba a taɓa su.

Taimakon ƙanena fa? Na gode masa har gobe. Amma na tambayi kaina: in kasuwa ta juya masa baya, ina za mu sa kanmu? Muna cikin wannan tunani, a watan Agusta na 2019, Najeriya ta rufe iyakarta. Mu da ke kusa da Ɗan Isa mun ga abin da idonmu. Sai ƙarshen 2020 aka fara buɗewa. Aka sake rufewa a Agusta 2023, har zuwa Maris 2024. Katsina tana kusa, ba ta kai kilomita 100 daga Maraɗi ba. Amma kusa da ƙofa a rufe, nesa ne.

Tambaya ta uku: wace ƙofa take buɗewa?

Wannan ita ce babba. A nan na koyi abin da ban taɓa sani ba.

Mu da mutanen Katsina harshenmu ɗaya, addininmu ɗaya, kakanninmu ɗaya. Sarautar Maraɗi ma daga Katsina ta taso. Amma dokar gwamnatinmu ba ɗaya ba ce. Tasu ta samo tushe daga Ingila, da Ingilishi ake karanta ta. Tamu ta samo tushe daga Faransa, da Faransanci aka rubuta ta. Likita in ya koyi allura a Kano, zai iya yin ta a Maraɗi, don jikin mutum ɗaya ne. Shari'a ba haka take ba. Kowace ƙasa da irin tata. Irin shukar fadama ba ya yi a jigawa.

Ɗiyata shekara 13 ta yi tana karatu da Faransanci. In ta je Katsina, sai ta fara gyara Ingilishi, ta yi jarrabawar shiga irin tasu. In ta gama ta komo, sai ta nemi a daidaita takardarta da ta gida, ta kuma sake koyon dokar ƙasarmu. Wanda yake nufin zama a Najeriya, ko aiki da 'yan kasuwar da ke tsakanin ƙasashen biyu, wannan hanya ta yi masa. Ita kuwa a nan take so ta yi aiki.

Sayi fa? Makaranta ce mai daraja. Ilimin gado da na aure da ake koyarwa can muna bukatarsa ƙwarai. Gidajen shari'armu ma, in maganar aure ce, ko saki, ko gado, ko gona, suna duba al'adar mutane, har alƙali yana zama da dattawa masana al'ada. Amma karatun shari'ar Musulunci da Larabci ake yin sa. Ya fi dacewa da yaran da suka fito daga makarantun Faransanci da Larabci. Ɗiyata Larabcinta na allo ne. Na je na yi wa liman bayani. Ya ce: "Daidai ruwa, daidai tsaki. Allah shi yi mata albarka."

Sai na tambayi mushe: to, in ta gama, shi ke nan ta zama alƙali? Ya yi dariya. Ya ce a'a. Mai son zama alƙali sai ya ci jarrabawar gasa, ya shiga makarantar horon ma'aikatan shari'a da ke Yamai, wadda aka kafa a 2015. Masu nema da yawa, wuri kaɗan. Mai son zama lauya sai ya sami masta, ya ci wata jarrabawa, sannan ya yi shekara 3 yana koyon aiki a hannun babban lauya. Lauyoyin kuma yawancinsu a Yamai suke. Akwai waɗansu ƙofofin: magatakardan gidan shari'a, aikin ofishin magajin gari, banki, kamfani, ƙungiyoyin taimako. Amma babu wadda take buɗewa da kanta.

Ya ce kuma in yi hattara. Ba kowace takarda gwamnati take karɓa ba. Ya ba ni labarin wani yaro da ubansa ya sayar da shanu, ya tura shi wata makarantar kuɗi a wata ƙasa. Ya komo da takarda mai ado. Ranar jarrabawar gasa aka ce ba a san makarantar ba. Don haka kafin ka biya ko dala, tambayi makaranta: gwamnati ta ba ku izini? Takardarku ana shiga gasa da ita? Kada ka tsaya ga bakinsu. Je ka ofishin ilimi ka ji. Nemi wanda ya gama can, ka ga abin da yake yi yau. Matambayi ba ya ɓata.

Yamai ko Tawa?

Da muka gama tankaɗe, biyu suka rage, duk na gwamnati.

Ta farko Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Ita ce uwa. Tun 1971 aka aza harsashinta, ta zama jami'a a 1973. Manyan malamai suna can, manyan gidajen shari'a suna can. Amma tafiyar ta fi kilomita 600. Sai ka wuce Ƙonni, ka wuce Dogon Dutsi, ka wuce Doso. Ɗalibai sun yi yawa, haya da tsada, kuma ba mu da kowa a garin.

Ta biyu jami'ar Tawa, wadda yanzu ake kira Jami'ar Jibo Hamani. Sabuwa ce, amma tana da sashen shari'a. Tafiyar kamar rabin ta Yamai ce. Hausa ake yi a kasuwa. Kuma ƙanwar uwarta tana aure can.

Ɗiyata Yamai take so. Yaro ai babban gari yake so. Na ce mata: "Ɗiyata, dokar da ake karantawa a Tawa, ita ake karantawa a Yamai?" Ta ce ita ce. "Takardar fa, gwamnati tana bambanta su?" Ta ce a'a. Na ce: "To, ki fara a inda ƙarfinmu ya kai. In kin sami ta farko, kin yi wayo, kin san hanya, sai ki wuce Yamai ki yi ta biyu." Ta yi kuka kaɗan. Da safe ta ce ta yarda.

Yadda ta kaya

Ba zan yi maka ƙarya ba, an sha wuya. A watan Maris na 2020 cutar korona ta sa aka rufe makarantu, ta komo gida. A shekara ta biyu ta faɗi jarrabawa, ta maimaita aji. Shekara 3 ta zama 4. Akuyoyin nan biyu an sayar, har da 'ya'yansu. Ka tuna, da na sayar da fadama, a daidai nan kuɗin zai ƙare. Amma fadama tana nan. Kowace rani zogale da tumatir suna biyan kuɗin mota da na littafi.

Ta sami lisansi a 2023. Ta wuce Yamai, ta yi masta. Yanzu tana aikin bautar ƙasa, tana kuma shirin jarrabawar alƙalai. Ko za ta ci, Allah ne masani. 'Yan ajinsu da yawa suna zaune ba aiki. Ban ce maka na ci riba ba tukuna. Abin da na ce shi ne, ban karye ba.

Amma akwai abu guda da na riga na samu. Da ta zo hutu a shekararta ta uku, ta ce: "Baba, ina takardar fadama?" Na ce babu. Ta riƙe baki. Ta ce tun ranar 2 ga Maris 1993 aka yi dokar ƙasar noma da kiwo. Dokar ta kafa kwamitin gonaki, ana ce masa Kofo. Ta ce gonar gado ma ana yi mata takardar shaida. Ka ji, shekara 16 kafin shari'ata dokar tana nan, ni ban sani ba.

Ta sa ni gaba muka je wurin maigari. Aka kira maƙwabtan gona, gabas da yamma, kudu da arewa. Aka zaga iyaka, kowa ya shaida. Aka rubuta, aka buga hatimi. Wannan karon ban dangwala yatsa ba. Ta karanta mini layi layi, ta juya mini da Hausa, sannan na rubuta sunana da hannuna. Bayan ni, mutum bakwai a unguwarmu suka yi tasu.

To, ɗan'uwa, ga abin da nake bar maka. Ranar da yaronka ya zo da zancen babbar makaranta, kada kunya ta kama ka don ba ka yi lakwal ba. Kai ka san lissafin iri da taki da rumbu. Lissafin ɗaya ne. Kada kyawun gini ya ruɗe ka. Kada kusa ta ruɗe ka, kada babban suna ya ruɗe ka. Ja layi uku a littafinka. Nawa har ƙarshe? Wa zai taimaka? Wace ƙofa take buɗewa? Ka zauna da yaron ku yi tare, don shi zai ɗauki kayan. Abin da kuke ci da shi kuma, kada ka sayar.

Allah shi ba yaranmu ilimi mai amfani. Allah shi ba mu damina mai albarka. Amin.